Maganin yara kyauta: ina doka ta tsaya?

Ya kai mai karatu, idan ɗanka ya kwana da zazzaɓi, wa doka ta ɗora wa biyan kuɗin maganinsa? Sanin amsar yana iya ceton rai, musamman da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake tsananta a Madawa da Buza da Keita.

A shekarar 1995 Nijar ta kafa dokar da ta ce marar lafiya ya biya wani kaso na kuɗin magani. Iyaye da yawa suka riƙa jinkirin kai yara likita. A 2006, zamanin shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wannan biya. Likita zai duba yaro, ya ba shi magani, daga baya gwamnati ta biya asibitin. Wato ta tsaya wa yaron tamkar kamfanin inshora.

Sai dai wannan haƙƙi yana da iyaka uku.

Ta farko, shekaru. Ranar da yaro ya cika shekara 5, ya fita daga tsarin. Shi ya sa takardar haihuwa da katin awo suke da muhimmanci, domin su ne shaidarka.

Ta biyu, wuri. An yi tsarin ne domin asibitocin gwamnati. Kuɗin mota daga ƙauye da abincin mai jinya kuwa suna wuyanka.

Ta uku, aljihun gwamnati. An yi shekaru tana jinkirin biyan asibitoci, har magani ya riƙa yankewa, ana rubuta wa iyaye takarda su sayo a waje. Inda ƙungiyoyin agaji suka kama, kamar Médecins du Monde a Keita da Médecins Sans Frontières a Madawa da Buza, an samu sauƙi. Amma kowa ya san zanen aro ba ya rufe katara.

Kamfanin inshora shi kuma da yarjejeniya yake aiki: yaron da aka rubuta sunansa, aka biya masa, shi kaɗai yake ɗauka. Ko a ƙasashe masu arziki kamfanoni sukan nemi mafita. A Amurka, dokar 2010 ta hana su ƙin yaro don yana da tsohon ciwo, sai wasunsu suka daina sayar da inshorar yara zalla.

To, me ya kamata ka yi? Ka yi wa jariri takardar haihuwa tun da wuri. Ka kai yaro likita ranar da zazzaɓi ya fara. Idan an nemi kuɗi a kan yaron da bai kai shekara 5 ba, ka tambayi dalili cikin ladabi, ka karɓi rasit, ka sanar da kwamitin kula da asibitin. Bayan girbi kuma, ka keɓe wani abu domin yaran da suka haura shekara 5.