BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: MARTANI GA MASU CEWA 'YAN IRONMAN MAHAUKATA NE

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da bidiyon gasar Ironman ya biyo ta dandalin nan, aka ga dattijo yana tangaɗi zai tsallake layin ƙarshe, nan take sai mu hau dariya. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wani ya ce aikin banza, wani ya ce ai Bature in ya rasa matsala sai ya ƙirƙiro wa kansa. Abin takaicin, masu wannan dariyar yawancinmu sa'o'ina ne, 'yan shekara arba'in da ɗoriya, waɗanda in lif ya lalace a sakatariya sai mun huta sau biyu kafin mu kai bene na uku. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu fara da mene ne gasar, don da yawa ba su ma san abin da suke yi wa dariya ba. Wasa uku ne a jere ba hutu: iyo na kilomita 3.8 a teku ko tafki, sannan keke kilomita 180, sannan gudun fanfalaki kilomita 42.2. Keken nan kaɗai ya kai ka taso daga Kano ka nufi Katsina, kana sauka kuma a ce ka ruga kamar daga Kano zuwa Wudil. A yawancin wuraren da ake yin ta awa 17 ake ba ka, iyon kuwa in ka wuce awa 2 da minti 20 an cire ka. An fara ta a 1978 a tsibirin Hawai na Amurka, mutum 15 suka shiga, 12 suka gama. Yau ana yin ta a ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu, kuma akwai rabinta da ake kira 70.3, wadda aka taɓa yi a Maroko da Masar da Ruwanda.

To su waye ke shiga? Nan ne maganar take. Ƙwararrun da sana'arsu ke nan 'yan kaɗan ne. Mafi yawa malaman makaranta ne, akantoci, nas-nas, direbobi, ma'aikatan ofis irinmu, masu mata da 'ya'ya da kuɗin makaranta a wuya. Ana raba su rukuni-rukuni bisa shekaru, biyar-biyar, kuma rukunin 'yan arba'in kullum cike yake. Wani tsoho ɗan Japan, Hiromu Inada, ya gama ta Hawai a 2018 yana da shekara 85, saura 'yan mintuna lokaci ya cika. Mutumin nan sai da ya yi ritaya sannan ya rungumi iyo. Mu kuwa tun kafin mu cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya mun riga mun zama 'yan layin asibiti.

Abin da bidiyon ba ya nuna muku shi ne shirin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai hankali ba ya tunkarar wannan gasa sai ya yi wata shida zuwa tara yana atisaye a tsare, kuma galibi sai ya riga ya yi shekara ɗaya ko biyu yana shiga ƙananan gasa. A mako yakan ba abin awa goma zuwa goma sha biyar, ya tashi tun duhun asuba ya yi iyo ko gudu kafin ya tafi aiki, ranar hutu ya yi doguwar tafiyar keke ta awa huɗu ko biyar. Kuma ba da ƙarfin tsiya ake yi ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na atisayen a hankali ake yin sa, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ana ƙara nauyi mako uku, na huɗu a sassauta don jiki ya warware, domin a lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. Akwai ranar da za ka sauka daga keke ka zarce da gudu nan take, don ƙafafu su saba da wannan nauyin da suke yi kamar an ɗaura musu bulo. Mako biyu ko uku kafin gasa sai a rage komai, a isa wurin da sauran ƙarfi.

Hatta ci da sha sai an koya. Mutum zai shafe awa goma sha wani abu yana motsi, dole ya riƙa cin abu mai ba da kuzari kowace awa, kuma dole cikinsa ya saba tun a wajen atisaye, in ba haka ba amai da gudawa su tsayar da shi. Yakan auna nauyinsa kafin fita da bayan dawowa don ya san yawan gumin da yake zubarwa. Ruwa ma in ka ɗirka fiye da kima ba gishiri, yana iya tsinka gishirin jini har ya kai ga suma ko mutuwa. Yanzu don Allah, mutumin da ya zauna ya lissafa barcinsa da abincinsa da bugun zuciyarsa na wata tara, shi ne mahaukaci? Mu da muke tsara kasafin ma'aikata a takarda amma ba mu taɓa tsara wa jikinmu ko mako ɗaya ba, mu ne masu hankalin?

Na san abin da za a ce: ai ana mutuwa a ciki. Gaskiya ne, ana mutuwa, kuma ba zan ɓoye ba. Wani bincike da likitoci suka fitar a Amurka a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a irin waɗannan gasa daga 1985 zuwa 2016. Guda 90 a cikin ruwa abin ya same su, mafi yawansu maza ne masu matsakaicin shekaru, kuma da yawa daga waɗanda aka binciki gawarsu an tarar suna ɗauke da ciwon zuciya a ɓoye. Amma a kula, wannan adadi daga cikin miliyoyin mahalarta ne, bai kai mutum biyu a cikin dubu ɗari ba. Darasin da ke ciki shi ne ka je likita ya duba ka kafin ka fara, ka kuma koyi iyo a buɗaɗɗen ruwa cikin cunkoso tun kafin ranar. Ciwon zuciyar da ya kama su a ruwa, shi ne dai yake kama namu a kan kujera. A gurup ɗin ofishinku, sau nawa aka yi karo-karo bana saboda wani ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Ajali na Allah ne, babu ja, amma ba mu taɓa jin an ce a daina ɗaura bel a mota saboda haka ba.

Sai maganar kuɗi. Nan kam masu suka suna da gaskiya rabi. Kuɗin rajista kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ga tikitin jirgi, ga biza, ga masauki, ga keken da wani ya fi tsohuwar motata tsada. Da albashinmu na yau, duk wanda ya ce in je Hawai zan ce ya fara biya mini kuɗin makarantar yara. Sai dai lambar yabon da ake ratayawa a wuya ita ce mafi ƙanƙantar riba a cikin lamarin. Ribar tana cikin watannin shiri, su kuwa ba su buƙatar biza. Abin da hukumar lafiyar nan ta nema daga babban mutum minti 150 ne na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Wanda ke zaman majalisa daga Magariba zuwa sha ɗayan dare, da tsire da lemon kwalba a gabansa, bai isa ya ce mini ba shi da rabin awa ba. Matsalarmu kunya ce. Wai babba da kai a gan ka kana gudu a titi, wai darakta guda a kan keke, me mutane za su ce? Haba! Iyayenmu da keke suka yi aikin gwamnati, da ƙafa suka je gona, ba wanda ya raina su. Tumbi ne muka mayar shaidar samun wuri, shi ya sa duk wanda ya rame da gangan muke tambayarsa ko lafiya.

Ku kuma 'yan ɗoki, ban ƙyale ku ba. Akwai masu ganin bidiyo yau, gobe su sayi takalmi, jibi su ce za su yi kilomita ashirin da tsakar rana a watan Afrilu don su ɗora hoto. Wannan shi ne haukan na gaskiya, kuma ku ne kuke ba masu dariya hujja. A fara da auna jini da suga. A fara da tafiya mai sauri, sannan sassarfa, sannan kilomita biyar, sannan goma, da sanyin safiya. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya ka nemi likita, ba jarumta a nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, iyon nan da muke gani kamar wasan masu kuɗi, mu ne muka fi kowa buƙatarsa. Kusan kowace damina sai mun ji kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi ko Sakkwato, a yi asarar rayuka masu yawa. A Argungu an daɗe ana gasar iyo a lokacin bikin kamun kifi, ke nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma a biranenmu yaro ba shi da inda zai koya sai kududdufi, ya kwaso tsargiya, ko otal ɗin da babansa ba zai iya biya ba. Maimakon mu ɓata lokaci muna yi wa tsohon Japan dariya, gara mu tambayi ma'aikatun wasanni na jihohinmu ina wurin iyo na jama'a, da malamin da zai koyar, da ranar mata daban da ta maza.

Wanda ya ga ba haka ba ne, ga fili nan, amma ya fara gaya mana yaushe rabon da ya auna jininsa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu ci fanshonmu da ƙafafunmu.