Allurar Ranar Haihuwa Ba Ta Jiran Ranar Suna

A Lafia, idan mace ta sauka a gida, abin da ke biyo baya sananne ne: ungozoma ta yanke cibi, a ɗora ruwan wanka, maigida ya shiga lissafin rago da goro. Kai jariri asibiti kuwa, sai a ce a bari a yi suna tukuna. Ni dai a ganina wannan jinkirin na kwana bakwai yana jawo mana asarar da ba ma gani sai bayan shekara talatin, ranar da cikin mutum zai kumbura, idanunsa su yi rawaya, dangi su ce sammu ne.

Ciwon hanta nau'in B nake nufi. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Don haka duk ranar awo, ko a babban asibitin Lafia ko a ƙaramin asibitin Shabu, da wuya a rasa mai ɗauke da ita a kan benci, lafiyarta ƙalau, ba ta ma sani ba.

Babban da ya kamu, galibi jikinsa kan kori cutar da kansa. Jariri ba haka ba ne. Cikin goma da suka ɗauka daga uwa wajen haihuwa, kusan tara za su rayu da ita har ƙarshen rayuwarsu, wasu ta kai su ga ƙanƙancewar hanta ko sankara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allurar farko cikin awa 24, sannan a bi da na mako 6 da 10 da 14. Tun 2004 allurar take cikin jadawalin riga-kafin yara na Najeriya, kuma kyauta ce. Uwar da ƙwayar ta yi yawa a jininta, likita kan ɗora ta kan maganin tenofovir kafin haihuwa. Shayarwa ma ba ta hanu.

To, mai jego ba za ta hau keke da ɗanyen jiki ba. Wannan aikin maigida ne. Ɗan'uwa, kai da ka iya nemo kuɗin rago, ka iya ɗaukar gwaggon yaro da jinjirin ku isa asibiti a ranar. Idan kuma gwaji ya nuna matarka tana da cutar, kada ka ware mata kwano ko ka kora ta gidansu. Ba a ɗauka ta zufa ko cin abinci tare. Ta jini ne da saduwar aure da haihuwa. Kai ma ka je a gwada ka, da abokiyar zamanta, wanda bai kamu ba a yi masa riga-kafi. Wanzamin da zai zo ranar suna kuma, ka saya masa sabuwar reza. Masu lasifika da ke tallan maganin shawara a bakin kasuwa, ka bar su da kayansu, hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin jiƙo.

Gwamnatin jiha ƙarƙashin Abdullahi Sule ta ƙaddamar da shirin kawar da ciwon hanta nau'in C a 2020, kuma ta cancanci yabo. Ina roƙon a yi wa B irin wannan himma: gwajinsa ya zama kyauta a wajen awo kamar na ƙanjamau, a tanadi allurar a ɗakin haihuwa dare da rana har Asabar da Lahadi, a kuma ba ungozomomin Kwandere da Assakio lambar ma'aikacin lafiyar da za su kira da zarar jariri ya yi kukan farko.