Ɗumama Injin Babbar Mota: Ba A Nan Gizo Ke Saƙa Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a matsayar manyan motoci irin ta Mararrabar Jos, ko Tafa, ko Ogere da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, ya san yadda gari ke wayewa a can. Tun kafin a idar da sallar asuba yaran mota sun tayar da injuna, a bar su suna ruri rabin awa ko fiye, direba na shan shayi, hayaƙi ya turnuƙe wurin. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ana ɗumama inji ne don kada gasket ya ƙone a hanya. A ganina niyyar mai kyau ce, amma wannan al'ada tana cin kuɗin masu motoci ba tare da ta kare abin da ake son karewa ba.

Gasket ɗin da ake magana a kai wani faifai ne da ke tsakanin gangar inji da murfinta, wanda makanikai ke kira tof. Aikinsa shi ne ya raba abubuwa uku da ba a so su haɗu: wutar da ke ci a cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. A injin dizal ana matse iska ninki 15 zuwa 20 kafin mai ya kama, don haka nauyin da ke kan wannan faifai ba ƙarami ba ne. Babban abin da ke kashe shi kuwa shi ne zafin da ya wuce kima. Idan inji ya tafasa, tof yakan lanƙwashe, ko da da kaurin gashi ne, sai wuta ta sami kafar bi. Daga nan sai a ga farin hayaƙi a salansa, lagireto na kumfa, ruwa na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, baƙin mai kuma ya koma kamar kunu.

Gaskiya ne cewa ƙarfe na buɗewa idan ya ji zafi, kuma wanda ya tayar da inji mai sanyi ya danna totur da tan talatin a bayansa yana cutar da shi, domin sassan da ke kusa da wuta za su riga sauran yin zafi, baƙin mai kuma bai gama zagayawa ba. Sai dai maganin wannan ba ya buƙatar rabin awa. Injin dizal da ke aiki a tsaye mai kaɗan yake ƙonawa, saboda haka ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma man da bai ƙone sarai ba yana wanke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ya bar ƙunna a kan ringi. Abin da masu ƙera irin waɗannan injuna suka saba ba da shawara shi ne minti uku zuwa biyar, wato gwargwadon yadda agogon mai zai tashi, iskar birki kuma ta cika. Bayan haka sai a ja mota a hankali da ƙaramar giya har allurar zafi ta hau. Ko a Jos cikin tsananin hunturu, sanyinmu bai kai na ƙasashen Turai inda aka ƙera da dama daga cikin motocin nan ba.

Mu duba lissafin. Babbar mota da ke aiki a tsaye tana shan kusan lita uku a awa guda. Rabin awa kowace safiya lita ɗaya da rabi ke nan, a kwana 300 na aiki kuwa lita 450. Farashin dizal ya ninka a shekarar 2022, kuma a 2024 lita ta haura naira 1,000. Ko a kan wannan farashi, mota guda ta ƙone naira 450,000 a shekara ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Mai motoci ashirin sai ya yi nasa lissafin. Da yake mafi yawan kayan ƙasar nan ta hanyar mota ake jigilarsu, wannan asara tana ƙarewa ne a kan kuɗin buhun masara a Legas da na siminti a Kano.

Abin takaici shi ne, motar da ake lallashi da safe ita ce ake zalunta da rana. Sau da yawa da zarar an sayo mota daga Turai, abin da makaniki ke fara yi shi ne cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi. Alhali wannan ɗan ƙarfe shi ne ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, zafinsa kuma ya riƙa hawa da sauka gwargwadon hanya, abin da gasket ba ya so ke nan. Mutum ya cire abin da ke ɗumama masa inji cikin sauri, sa'an nan ya zauna yana ƙona dizal don ya ɗumama shi.

Haka nan batun ruwa. Maimakon ruwan sanyaya inji na musamman mai hana tsatsa, sai a ɗebo na rijiya ko na rafi a zuba. Kwana a tashi tsatsa da ƙasa su toshe lagireto, su ci gefen gasket. A haɗa da marfin lagireto da ya saki, da fanbel da ya yi sako-sako, da lodin da ya wuce ƙa'ida, sai a je Hawan Kibo a ga sakamako. Idan kuma inji ya tafasa, sai yaron mota ya kwara masa ruwan sanyi nan take, wanda hakan kan iya tsaga tof ɗin baki ɗaya. Wani kuma ya gama doguwar tafiya ya kashe inji farat ɗaya, alhali a nan ne ya kamata a bar shi ya yi 'yan mintoci a tsaye don turbo ya huce.

Ko wajen gyara ma akwai sakaci. Ana sa sabon gasket ba tare da an auna ko tof ya lanƙwashe ba, a ɗaure kusoshi da ƙarfin hannu maimakon sifana mai awo, ba kuma bisa jerin da kamfani ya tsara ba. Bayan wata biyu mota ta sake kwanciya a daji da tumatir a bayanta, a ce kayan gyaran zamani ne ba su da aminci.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da ta direbobi ta NURTW da su sa wannan batu cikin abin da suke wayar wa 'ya'yansu kai a tashoshi. Masu motoci kuma su mayar da tamostat inda aka cire shi, su ware kuɗin ruwan sanyaya inji da sabon marfin lagireto daga abin da za su tsimin na dizal, su kuma daina matsa wa direba ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin mota. Direba kuwa ya yi mintinsa biyar da safe, ya duba ruwa da mai, ya tashi a hankali, idonsa na kan allurar zafi har ya sauka lafiya.