Labarin Duniya: Ƴaƴan Manoman Auduga da Suka Zama Manyan Makaɗa

Labarin wannan wata daga ƙasar Amurka ya fito. Labari ne na wata ƙungiyar makaɗa mai suna Alabama. Alabama sunan wata jaha ce a kudancin Amurka. Ƙasa ce mai zafi, ana noman auduga da masara, ana kiwon shanu. Makaɗan nan sun ɗauki sunan jaharsu ne suka sa wa ƙungiyarsu.

A Amurka mutanen ƙauye suna da nasu kiɗa, ana ce masa kantiri, wato kiɗan karkara. Da jita da gogen Turawa ake yin sa. Waƙoƙinsa suna maganar gona, da gida, da wahalar talaka. Samarin birni kuma suna da nasu mai ƙara, na jitar lantarki da manyan ganguna, ana ce masa rok. Ƙungiyar Alabama ta gama biyun wuri guda. Saboda haka tsoho ya samu abin saurare, yaro ma ya samu.

Su wane ne?

Mutum uku suka kafa ƙungiyar, kuma dukansu dangi ne. Garinsu Fort Payne, wani ƙaramin gari a gindin dutsen Lookout.

Na farko Randy Owen, an haife shi a 1949. Shi ne mai ba da waƙa. A gonar auduga ya tashi, ya san tsinkar auduga da hannu tun yana yaro. Ya taɓa barin makaranta. Daga baya ya sake shawara ya koma, ya gama sakandare a 1969 yana da shekara 19. Bai tsaya nan ba, sai da ya gama jami'a a 1973.

Na biyu Teddy Gentry, an haife shi a 1952. Ɗan uwan Randy ne. A gonar kakansa ya girma. Shi ke kaɗa jita mai babbar murya. Shi da Randy tun suna ƙanana suke waƙa a majami'ar ƙauyensu.

Na uku Jeff Cook, an haife shi a 1949. Shi danginsu ne na nesa. Gwanin jita ne, gwanin goge ne. Tun yana da shekara 14 ya fara aiki a gidan radiyon garinsu.

Mai ganga kam sun yi ta sakewa, har 1979 da suka ɗauki Mark Herndon. Shi ba danginsu ba ne. Daga kiɗan rok ya fito.

Mafarin abin

A 1969 suka fara wasa tare. Suka shiga wata gasa a makaranta, suka ci. Amma kiɗa bai ciyar da su ba. Da rana kowa yana aikin neman abinci, Teddy yana shimfiɗa darduma a gidajen mutane. Da dare sai su haɗu su yi ta gwaji.

A 1973 suka bar ayyukansu, suka tafi wani gari na bakin teku mai suna Myrtle Beach, a jahar Karolina ta Kudu. Can mutane ke zuwa hutawa lokacin zafi. Suka samu wuri a wani gidan rawa. Dare shida cikin mako suna kiɗa. Abin da ƴan kallo suka jefa musu, da shi suke ci. Wanda ya roƙi waƙa sai su yi masa, ko ta ƙauye ko ta birni. Ta haka suka koyi kiɗa iri iri. Haka suka yi ta yi har shekara 7. Wanda ya taɓa zuwa cin rani ya san irin wannan zama.

Takardar da ta ɗaure su

A 1977 wani kamfanin faifai ya kira su. Suka sa hannu a takardar yarjejeniya, suna murna. A shekarar nan ce suka ɗauki sunan Alabama. Ba a daɗe ba kamfanin ya karye. Suka tashi za su nemi wani, sai aka nuna musu wani layi cikin takardar. Layin ya hana su yin faifai da kowane kamfani dabam. Sai da suka shekara 2 suna tara kuɗi kafin su fanshi kansu.

Abin lura ne wannan. Mutanen nan sun yi karatu, ɗayansu har jami'a, amma layi guda ya ci musu shekara 2. To ina ga wanda ake miƙa wa takarda ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba? Takardar bashin taki, ko ta jinginar gona, ko ta sayar da bisa, duk haka suke. A karanta tun daga sama har ƙasa. In akwai kalmar da ba a gane ba, a tambaya kafin a sa hannu.

Ƙofa ta buɗe

A 1980 wani babban kamfani mai suna RCA ya ɗauke su. A shekarar waƙarsu mai suna Tennessee River ta zo ta ɗaya cikin waƙoƙin karkara na Amurka. Tennessee kogi ne da ke ratsa arewacin jaharsu. Daga nan sai da suka jera waƙa 21, kowace ta zo ta ɗaya. Kafin su, a kiɗan karkara galibi mawaƙi guda ake sani, makaɗansa suna bayansa ba a san sunansu ba. Alabama suka nuna ƙungiya ma tana iya yin suna. An sayi faya-fayensu miliyoyi.

Waƙoƙinsu ba su yi nisa da gida ba. Akwai wadda suka yi wa ma'aikata masu cin guminsu a 1985. Akwai wadda suka yi a kan zaman gonar auduga a 1989. Talakan Amurka ya ji labarin kansa a bakinsu.

Ina kuɗin ya tafi?

Nan ne labarin ya fi shafar manomi da makiyayi. Da kuɗi na farko mai kauri ya shigo hannun Teddy, gonar kakansa ya saya, inda ya girma. Ya shiga kiwon shanu. Ya lura shanun da aka saba kiwo a Amurka na ƙasar sanyi ne, zafin kudu yana wahalar da su. A 1989 ya fara gama iri huɗu na shanu: biyu masu jure zafi, biyu masu kyawun nama. Ya yi shekaru yana zaɓe, yana ajiye saniya mai yawan haihuwa da sanyin hali. Da haka ya fitar da sabon iri mai suna South Poll. Jajaye ne, ba su da ƙaho, gashinsu gajere, jikinsu matsakaici. Da ciyawa kaɗai suke ƙiba, ba sai an saya musu hatsi ba. Makiyaya da yawa a Amurka sun karɓi irin.

Randy shi ma a kan dutsen da ya tashi ya kafa gidansa, ya tara garken shanu.

Ba su manta da mutanen garinsu ba. Daga 1982 zuwa 1997, kowane watan Yuni suna shirya babban wasa a Fort Payne. Dubban mutane ke zuwa, kuɗin da aka tara a taimaki makarantu da mabukata. A 2004 suka ce sun huta. Amma a 2011 wata muguwar guguwa ta faɗa wa jahar Alabama, ta kashe mutane fiye da 200, ta rushe gidaje. Sai dangin nan uku suka sake ɗaukar kayan kiɗa don tara gudummawa.

Zaman tare ba ya rasa saɓani. A 2008 maganar kuɗi ta kai su kotu da mai gangarsu Mark. Jeff kuma ya kamu da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson. Ya rasu a watan Nuwamba na 2022, yana da shekara 73. Randy da Teddy suka ci gaba, kuma a 2023 suka mayar da wasan watan Yuni a garinsu.

Bayan girbi samari da yawa za su kama hanyar cin rani. Fita neman na kai ba laifi ba ne. Ƴan Alabama ma sun fita, sun sha wuya shekara 7. Amma da suka samu, gona da garke suka fara tunawa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saurayin da ya dawo da ɗan abin hannunsa, kafin ya sayi radiyo da agogo, ya duba rumbun gidansu, ya duba turken tumaki.