Kada Mu Rushe Abin da Za Mu Iya Gyarawa

Akwai wata cuta da ta kama garuruwanmu, daga Isawan har Tasawa da Mayahi: duk ginin ƙasa da ya tsage, hukuncinsa rushewa ne, a dasa siminti da kwano a gurbinsa, a kira shi ci gaba. Ni kam na ce ɓarna ce, ko da kuwa gidan matasa za a gina a wurin.

Mu dubi Rube, birnin masaƙu na arewacin Faransa. A 1932 aka buɗe musu gidan wanka da iyo, domin yawancin ma'aikata ba su da makewayin kirki a gida. Da ginin ya raunana aka rufe shi a 1985. Ba su sa masa gatari ba. Sun gyara shi, ya koma gidan tarihi da zane-zane a 2001.

Wani zai ce ai wannan aikin masu kuɗi ne. To, Dandaji fa, a jihar Tawa? Tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace, har ana shirin rushe shi. Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, masanan zanen gini, suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa. An kammala a 2018, da hannun maginan yankin. Ba arziki suka fi mu ba, shawara suka fi mu.

Masu son rushewa suna cewa ƙasa ba ta jure damina. Gaskiya ne, in an daina yaɓe. Amma su shiga ɗakin kwano a watan Afrilu, su gaya mana wane yaro ne zai zauna ciki ya yi karatu. Kuma ranar da aka daina yaɓe, ranar maginin gari ya rasa almajiri, sana'ar ta bi shi kabari.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu, aikin namu ne. Mu ƙidaya tsofaffin zauruka da masallatan da aka ƙaurace wa, mu kai wa magajin gari takarda tun kafin damina ta riga mu. Mu nemi a sa musu ruwa, makewayi, littattafai da dandalin wasa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.