Gargaɗi ga Malamai a kan Koya wa Yara Riƙon Asiri

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai na ƙasar Gwarzo da Kabo, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran nan na shiga mota daga Garo za ni Gwarzo. Wani yaro, bai fi shekara 15 ba, ya zauna kusa da wani mutum wanda bai taɓa gani ba. Kafin mu sauka ya gaya masa sunan ubansa da unguwarsu, da cewa uban ya sayar da bijimai biyu, kuɗin na ɗaka, kuma wansa ya tafi cin rani, ba babban namiji a gidan sai tsohon. Mutumin ko tambaya bai yi ba. Yaron nan ɗalibi ne mai ladabi, ya gaishe ni har ƙasa. To, laifin ba nasa ba ne, namu ne, zama mun koya masa gaisuwa, ba mu koya masa inda magana ke tsayawa ba.

Ku sani, zamanin nan baki shi ke yanka wuya. Ƙasarmu tana iyaka da Jihar Katsina. A watan Satumba 2021 hukuma ta katse layukan waya a Zamfara duka da wasu ƙananan hukumomin Katsina, domin yanke hanyar masu kai wa 'yan bindiga labari. A 2025 kuwa maharan sun taɓa ƙauyukan Shanono, maƙwabtanmu. Mai kai labari ba duba yake yi ba, tsinta yake a majalisa da teburin mai shayi, da Facebook da WhatsApp inda yaranmu ke baje hoton gida da na kaya. Haka kuma macuci yakan bugo waya ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN da lambar sirri ta kati. Banki ba ya tambayar lambar sirri, amma yaron da ke riƙe wa uwarsa waya bai san haka ba.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a littattafanmu. Imamu Gazali ya lissafa aibobin harshe 20 cikin Ihya'u, tonon asiri na cikinsu. Annabi Yaƙubu ya hana Yusufu gaya wa 'yan'uwansa mafarkinsa. Anas ɗan Maliku yana yaro Annabi ya aike shi wata buƙata, ya ƙi faɗa ko ga mahaifiyarsa, ita kuwa ta ƙarfafa shi a kan haka.

Shawarata, ko wane malami ya koya wa ɗalibansa, maza da mata, cewa magana kashi uku ce. Ta fari, wadda ake yi da kowa, kamar gaisuwa da labarin damina. Ta biyu, wadda ba ta ƙetare zaure: dukiyar gida, tafiyar maigida, ciwon wani, saɓanin iyaye, zancen auren da ba a sa rana ba. A koya musu amsa mai ladabi: sai ka tambayi baba. Ta uku, wadda ɓoye ta laifi ne. In wani babba ya taɓa yaro ko yarinya ta hanyar banza, ko ya tsorata shi, ko ya yi masa kyauta ya ce kada ka gaya wa kowa, lalle ne ya gaya wa iyaye ko malamin da ya amince da shi, a ran nan. Kada mu tsananta kashi na biyu har yara su haɗiye na uku, domin shirun nan macuta ke so.

Sa'an nan mu dubi kanmu. Malamin da ɗalibi ya kawo masa kuka, shi kuma ya kai shi hira a majalisa, ya rushe karatun da hannunsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Allah ya tsare mana harsunanmu da zuriyarmu, amin. Wassalamu.