Mabo ya horar da 'ya'yan wasu, mu mun hana namu

Jama'a, a 1999 marigayi Isma'ila Mabo, ɗan Jos ɗinmu, ya kai Super Falcons matakin ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar kofin duniya a Amurka. Kyaftin ɗinsa ita ce Florence Omagbemi, 'yar Warri. Da ta daina buga wasa ta zama kociya, a 2016 ta ciyo wa Najeriya kofin Afirka, aka doke Kamaru 1-0 a gabansu a Yawunde.

To mu fa? Yarinya ta taɓa ƙwallo a filin makaranta a Rayfield, sai a ce ta zubar da mutuncin gida. Amma a ɗora mata farantin talla ta yi ta yawo a Terminus har magariba, babu mai cewa uffan. Wanne ya fi haɗari?

In sutura ce matsalar, tun 2014 aka halatta buga wasa da hijabi, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da nata.

Iyaye, a taro mai zuwa mu ware wa 'yan mata rana guda a fili, malama mace na kula da su.

Sakataren ƙungiya